BAWA, ƊAN RIƘO, KO ƊA? Darasi daga tarihin masu bi na Birnin Zariya

Karatunmu: Galatiyawa 4:1-7, Romawa 8:14-17, Luka 15:11-24

 

Kwanakin baya na shiga Birnin Zariya gaisuwar mutuwa a Limancin Kona. Wanda ya rasu abokin mahaifina ne tun suna samari. Malami ne, dattijon arziki, bambancin addini bai taɓa hana shi taka gidanmu ba. Duk wanda ya san Zariya ya san Kona: tsohuwar unguwar malamai ce, Limamin Kona kuwa yana cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau. Muna zaune a zaure sai na lura da wani mutum mai furfura, shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke kawo ruwa, shi ke raka baƙi. Na ɗauka babban ɗan marigayin ne. Sai wanda ke kusa da ni ya raɗa mini cewa ɗan riƙo ne, an kawo shi gidan tun yana ƙarami, a nan ya yi karatu, a nan aka yi masa aure. Ya ce Malam ya bar masa wasiyya mai kauri, amma ba ya cikin magada, domin a shari'a ɗan riƙo ba ya gado, wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya.

Ban kawo wannan labari don in kushe al'adar kowa ba. Riƙo abu ne mai kyau, marayu da yawa sun zama mutane ta dalilinsa, marigayin kuwa ya yi iyakar abin da doka ta yardar masa. Na kawo shi ne don tun daga ranar wata tambaya ta hana ni sakat. Mu masu bi, mene ne matsayinmu a gidan Allah? Barori ne mu, ko 'yan riƙo, ko 'ya'ya masu gado? Da baki dukanmu mun san amsa. Amma in aka dubi zaman da yawa daga cikinmu, zaman agola ne, mai cin tuwo yana duban fuskar maigida. Yau ina so mu nemi amsar a cikin Littafi Mai Tsarki, mu kuma ga yadda ta bayyana a tarihin ikkilisiyar da aka dasa a cikin wannan ganuwa.

Ɗa da bawa a ƙasar Zazzau

Harshenmu na Hausa yana da wata hikima a nan. Kalmar ɗa tana da ma'ana biyu. Ɗa shi ne wanda ka haifa, ɗa kuma shi ne wanda ba bawa ba ne. In tsofaffi suka ce wane ɗa ne, suna nufin ba a taɓa sayensa ba, ba a kuma haife shi cikin bauta ba. Daga nan muka sami kalmar 'yanci, wadda mutanen Sakkwato da Katsina suke ce wa ɗiyanci. Wato a bakin Bahaushe, samun 'yanci da zama ɗa abu ɗaya ne.

Kakanninmu sun san nauyin wannan magana fiye da mu. A ƙarni na 19 ƙasar Zazzau tana cikin manyan wuraren da ake kama bayi. Ana kai hari kudu, ana aika bayi Sakkwato cikin gaisuwar shekara, sarakuna da attajirai kuma suna da rinji, wato ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu. Bawa yana iya yin murgu, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu don a bar shi ya yi sana'arsa. Yana iya tara kuɗi ya fanshi kansa, ko wani ya fanshe shi. Amma ko an 'yanta shi sunan yana binsa. Wanda aka haifa cikin bauta a gida bacucane ne, ko dimajo. Yana iya zama amintaccen maigida, a danƙa masa mabuɗin rumbu, amma ranar rabon gado shi ma cikin kayan gadon yake.

Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya yi doka a 1901 cewa duk yaron da aka haifa daga farkon watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, aka kuma hana kama bayi da cinikinsu. Waɗanda suka riga suka kasance a hannun iyayengijinsu sai ta hanyar fansa a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Yaran da sojoji suka ƙwato daga hannun fatake kuwa sai suka zama matsala. An kwance musu igiya, to, ina za su? Da yawa ba su san sunan garinsu ba, iyayensu an kashe ko an sayar. Gwamnati ta buɗe musu gida a Zungeru, daga baya a 1909 mishan ɗin S.U.M. ta buɗe wani a Rumasha a bakin kogin Binuwai. Kun ga ke nan, kwance igiya rabin aiki ne. Yaron da aka 'yanta, in ba shi da uba, ba shi da gida, ba shi da suna, yunwa za ta sake mai da shi bawan wani.

Abin da Manzo Bulus yake nufi

Manzo Bulus ya yi zamani a duniyar da ke cike da bayi, kuma ya san wannan matsala. Akwai wata kalma ta Helenanci da ya yi amfani da ita sau biyar cikin wasiƙunsa: sau uku a Romawa (8:15, 8:23, 9:4), sau ɗaya a Galatiyawa (4:5), sau ɗaya a Afisawa (1:5). Ma'anarta a ɗauki wanda ba ɗa ba a kafa shi a matsayin ɗa. Wannan ya bambanta da riƙon da muka sani. A dokar Romawa, in mutum ya ɗauki wani ya mai da shi ɗansa a gaban shaidu, wanda aka ɗauka yana barin tsohon gidansa ɗungum, ya karɓi sunan sabon uba, ya zama magaji daidai da ɗan cikinsa.

Ba a ɓoye ake yin haka ba, har gadon sarauta ta wannan hanya ake ba da shi. Kaisar Augustas, wanda Luka ya ambata a labarin haihuwar Yesu, ɗan ɗauka ne ga Yuliyas Kaisar. Tibariyas, wanda yake mulki sa'ad da aka gicciye Ubangijinmu, Augustas ne ya ɗauke shi. Nero, wanda yake kan gado lokacin da Bulus ya rubuta wa Romawa, Kalaudiyas ne ya ɗauke shi a shekara ta 50, ya kuwa hau mulki a shekara ta 54 alhali Kalaudiyas yana da ɗan cikinsa. Saboda haka da aka karanta wasiƙar Bulus a Roma, bayi da 'yantattun da suka cika ikkilisiyar sun gane sarai. Ana gaya musu cewa Allah ya aiko Ɗansa ya biya fansarsu, sa'an nan bai sallame su a bakin ƙofa ba. Ya shigar da su gida, ya sa Ruhunsa a zuciyarsu don su iya kiransa Uba ba da tsoro ba, ya kuma rubuta su cikin magada tare da Almasihu. Wannan shi ne alheri. Babu bawan da ya taɓa yin murgu har ya sayi matsayin ɗa. Kyauta ce daga Uban.

Yaron Damagaram

Kafin mu shiga Zariya, ya kamata mu san ta bakin wa Bishara ta fara shiga Hausa a rubuce. Akwai wani yaro mai suna Dorugu, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar ta yau. An kama shi yana yaro aka kai shi Barno aka sayar. Wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu ya bi abokinsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, a 1855 kuma ya tafi da shi Ingila. A can ya zauna da wani mai wa'azi na mishan ɗin C.M.S., J. F. Schön, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Da taimakon Dorugu aka buga sassan Sabon Alkawari na farko, har aka kammala Sabon Alkawari a 1880. An yi wa Dorugu baftisma a Ingila, ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912.

Ku dubi ikon Allah. Sa'ad da aka nemi kalmomin Hausa da za a faɗi fansa da 'yanci da su, wanda aka tambaya yaro ne da igiya ta taɓa ci masa wuya.

Likita Mila a cikin birni

A farkon 1900 wata ƙungiya ta mutum biyar ta C.M.S. ta taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishof Herbert Tugwell, da niyyar kafa mishan a Kano. Cikinsu akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda Zagezagi suka sani da Likita Mila. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. A Kano kuwa Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Tafiyar ta watse ba tare da an sami ko mai bi ɗaya ba. Amma Mila ya sake dawowa, a 1905 kuma, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, aka ba shi wurin zama a cikin birni, a Durumin Maigarke. A nan ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Su wane ne suka fara cika wannan gida? Mila bai taɓa aure ba, amma gidansa bai rabu da yara ba. Na farko shi ne Abdulmajid, yaro daga Katsina, wanda Mila ya sadu da shi a Tarabulus lokacin da ya je koyon Hausa. Yaron ya taso da mahaifinsa za su aikin hajji, mahaifin ya rasu a hanya. Mila ya ɗauke shi kamar ɗansa, daga baya ya zama mataimakinsa. Sai kuma yaran da aka ƙwato daga bauta, waɗanda ba a san danginsu ba. Waɗansu ya ba su sunansa. Ɗaya daga cikinsu, Henry Miller, ya girma ya zama fasto a ikkilisiyar Angilikan. Har wa yau akwai baƙar fata 'yan Nijeriya masu amsa sunan Miller, asalin sunan ke nan.

Gaskiya ta wajaba a kanmu, ko a kan waɗanda muke girmamawa. Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Ya faɗi maganganu masu zafi a kan sarakuna da addinin mutanen da yake zaune a cikinsu, ya kuma sa baki cikin sha'anin mulki. Abotarsa da Sarki Aliyu ta lalace, masana tarihi kuma suna lissafa ƙararrakin da ya riƙa kaiwa cikin dalilan da suka sa Turawa suka tuɓe Sarkin suka kai shi Lakwaja. Irin wannan ya sa mutanen birni da yawa suka ɗauki Bishara a kan kayan Nasara masu mulki, tabon kuwa bai gama gogewa ba. Duk da haka Allah ya yi aiki da wannan tukunyar ƙasa. A cikin birnin nan Mila ya shafe shekaru yana juyi tare da malaman Hausa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ma alheri ne ya riƙe shi, kamar yadda yake riƙe da mu.

Isawa da garin Gimi

Shekara takwas Mila yana cikin birni, masu bi ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 waɗansu samari suka yi sallama a ƙofarsa da wani labari mai ban mamaki.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Bai taɓa ganin mishan ba. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya tsaya a kan ayoyin da suka yi maganar Annabi Isa, har ya fara koya wa almajiransa cewa Isa yana da wani matsayi na musamman, kuma ya kamata a nemi Linjila. Aka kira shi ya janye, ya ƙi. Wajen shekarar 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da kan iyakokin Kano da Zazzau da Bauchi. Ana kiransu Isawa, waɗansu kuma suna ce musu Bani Isra'ila. Shekara arba'in da 'yan kai suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu, cewa wata rana waɗansu za su zo da littafin da zai ba su cikakken labarin Isa. Samarin nan jikokin wannan jama'a ne.

Ba dukan Isawa ne suka zama Kirista ba, da yawa sun ci gaba da zamansu na Musulmi. Amma waɗansu iyalai sun karɓi Bishara, suka nemi wurin da za su zauna tare. Sarki Aliyu ya ba da fili a Gimi, arewa maso gabas da Zariya. Wani mai wa'azi baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, wanda kakanninsa bauta ce ta fitar da su daga Afirka, shi ya zauna da su. Aka gina majami'a da makaranta, aka yi noman rake. Kowa yana cewa ga garin masu bi Hausawa ya kafu.

Sai ciwon barci ya shigo. Kurmin da ke bakin rafin yana da ƙudan tsando, a lokacin kuma babu maganin kirki. Cikin 'yan shekaru garin ya zama maƙabarta. Manya suka mutu, samari suka mutu, aka bar gwauraye da marayu. Daga ƙarshe aka tashi daga Gimi, aka kwaso sauran zuwa gidan mishan a Zariya.

'Yan'uwa, ku sa kanku a matsayin waɗannan mutane. Kakanku an tsire shi. Iyayenku sun yi gudun hijira. Kun bar dangi kun bi Almasihu, ga shi garin da kuka gina da sunansa ya cinye 'ya'yanku. Maƙwabta kuma ba za su rasa cewa alhaki ne ya kama ku ba. In da zaman barantaka suke yi da Allah, wato aiki don lada, ai ranar sai su ajiye fartanya, gama ladan bai fito ba. Bara yana barin gidan da ba a biyansa. Ɗa kuwa ko gidan ya ƙone nan ne gidansu. Waɗanda suka tsira daga Gimi sun tsaya, kuma daga cikinsu ne ikkilisiyar Hausawa ta Zariya ta sami ƙashin bayanta. Ku lura, a sura ɗaya Bulus ya haɗa maganar gado da maganar shan wuya (Romawa 8:17). Bai yi mana alkawarin cewa ɗa ba zai yi kuka ba.

Wusasa

Gwamnatin Turawa da fada ba su daina jin nauyin zaman mishan a cikin ganuwa ba. A 1929 aka mai da aikin Wusasa, bayan gari, a gindin dutse, a ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. Mila bai so wannan ƙaura ba, daga baya ya bar Zariya, ya rasu a ƙasar Jos a 1952. A Wusasa magina Hausawa suka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna, don mai shiga ya san ba gidan baƙi ya shiga ba. Aka kafa makaranta da asibitin St. Luke.

Ku dubi waɗanda suka taru a wurin: jikokin Isawa, 'ya'yan bayin da aka 'yanta, Fulani da Hausawan birni da danginsu suka juya musu baya, da masu bishara daga wasu ƙabilu. A ma'aunin duniya tarkace ne. Amma daga wannan gida aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, asibitin koyarwa na Kaduna kuma yake amsa sunansa. Aka sami John Tafida, wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu na zuriyar Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai bishara daga ƙabilar Angas ta Filato, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Ban lissafa waɗannan sunaye don mu yi fahariya ba, ba kuma ina cewa muƙami shi ne shaidar zama ɗan Allah ba. Tsohuwar da ta binne 'ya'yanta a Gimi, ta mutu ba wanda ya rubuta sunanta, gadonta a wurin Uba bai gaza na farfesa ba ko da ƙwayar gero. Abin da nake so mu gani shi ne abin da ke faruwa in aka ɗauki yaron da duniya ta yar, aka ce masa kai ɗa ne, aka kuma riƙe shi riƙon ɗa.

To, mu fa?

Ina saurayi a watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Zariya. An yi hasarar rayuka da wuraren ibada a ɓangarorin biyu, a Zariya kuwa an ƙone majami'u da yawa. Washegari da sassafe dattijon nan na Limancin Kona ya tako har gidanmu. Ya tsaya a ƙofa ya ce wa mahaifina, "Wane, kuna lafiya? In ba ku natsu ba, ku kwaso yara ku zo gidana." Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. A wannan makon ne kuma na ji wani ɗan'uwa mai bi yana cewa Hausawan da ke cikinmu a yi hankali da su, ba a san inda zuciyarsu take ba. Wannan magana ta fi hayaƙin ƙona mini ido. Mutanen da kakanninsu suka sha tsiri da hijira da ciwon barci saboda sunan Yesu, su ne aka mai da agololi a gidan Ubansu.

Saboda haka ina da tambayoyi uku gare mu.

Ta fari, yaya muke karɓar sabon mai bi? Har yanzu akwai wanda in ya bi Almasihu zai rasa ɗaki, ya rasa jari, ya rasa gado. Muna yi masa baftisma da murna, mu tafa, mu watse. Ran Litinin wa ya san inda ya kwana? In ya nemi auren 'yarmu, sai mu fara tambayar asalinsa. Wannan shi ne kwance igiya a bar mutum a bakin hanya. Ikkilisiyar da ke Durumin Maigarke, da dukan kurakuranta, ta ba irin waɗannan ɗaki da tuwo da sana'a da suna. In mun ce Allah ya mai da shi ɗa, to, ɗan'uwanmu ne na gado, sai a gani a tukunyarmu.

Ta biyu, yaya muke yi da wanda ya faɗi? Horon ikkilisiya daidai ne, Littafi ya koyar da shi. Amma manufarsa maidowa ce. Na san waɗanda suka gama kwanakin horonsu shekara goma da suka wuce, amma a idon jama'a har yau suna bencin baya. Ku tuna da ɗan nan na Luka 15. Da ya ga uwar bari, shawarar da ya yanke ita ce ya koma ya roƙi a ɗauke shi ɗan ƙodago. Yana ganin matsayin ɗa ya riga ya ƙone. Uban bai bar shi ya kai ƙarshen roƙon ba. Ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi, aka yi yanka. Wanda ya ƙi shiga biki shi ne wan, wanda bai taɓa barin gida ba, amma da ya buɗe baki sai ga shi shekara da shekaru yana lissafin aikinsa kamar bara. Dattawan ikkilisiya, mu binciki kanmu, kada mu zama wan nan.

Ta uku taka ce, kai mai saurarona, ke mai saurarona. Wataƙila kana zuwa sujada, kana ba da zakka, kana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma a zuciyarka murgu kake biya. In ka yi kwana biyu ba ka yi addu'a ba sai ka ji kamar an kore ka. In ciwo ya shigo gida sai ka ce Allah yana karɓar bashinsa ne. Ɗan'uwa, an riga an biya fansarka a kan gicciye, ba da azurfa ko zinariya ba. Ba ka da sauran bashi. Biyayyar da Uba yake nema a gare ka ita ce ta ɗa mai ƙaunar gidansu. In kuwa ka yi nisa, ka tashi ka koma yau. Kada ka tsaya shirya jawabin neman barantaka, ba za a saurare shi ba. In ba ka taɓa karɓar Almasihu ba, Yahaya 1:12 ta nuna cewa duk wanda ya karɓe shi, ya gaskata da sunansa, ana ba shi ikon zama ɗan Allah, ba a tambayar garinsu ko gidansu.

Da zan bar zauren nan na Limancin Kona, mutumin nan mai furfura ya raka ni har bakin hanya. Na yi masa gaisuwa, na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce, "Fasto, ai ni uba na rasa." Bai yi maganar gona ko gida ba. Na tafi ina tunani, in ɗan riƙo ya san uba haka, ina misalin mu da aka ba mu Uban da gadon gaba ɗaya?

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ba ka bar mu cikin bautar zunubi ba, ba ka kuma bar mu marayu ba. Mun gode maka saboda bayinka da suka riga mu, na cikin birni da na Gimi da na Wusasa, waɗanda suka riƙe bangaskiya cikin hawaye. Ka gafarta mana inda muka mai da 'ya'yanka baƙi. Ka komo da waɗanda suka bauɗe, ka ba mu zuciyar karɓarsu. Ka sa wa birnin Zariya albarka, da Sarki, da malamai, da maƙwabtanmu duka, ka zaunar da mu lafiya da juna. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.